HAWAN JINI BA YA SALLAMA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, musamman masu cin kasuwannin Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, yau muna da magana da ku a kan wata cuta da ke kwashe mana manya ba tare da an buga mata ganga ba. Kowa a cikinmu ya san wani falke ko wata mai koda da aka kwana da su lafiya, da gari ya waye sai ga baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Nan da nan sai a ce iska ce ta buge shi, ko kuwa abokin ciniki ne ya yi masa jifa. A sayar da sa, a sayar da buhunan shinkafa, a kai wa boka, a kuma ƙulla gaba da maƙwabci. Alhali sau da yawa hawan jini ne ya daɗe yana cin mutum bai sani ba.

Wannan cuta ba ta sallama. Mutum yana iya shekara goma da ita ba ciwon kai, ba jiri, tana ɓata masa zuciya da ƙoda da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa cikin kowane baligi uku a duniya ɗaya yana da ita, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba. To, wanda ke birni kusa da likita ma bai sani ba, ina ga mai kwale-kwale a bakin Kwara?

Hanyar ganewa ɗaya ce tak, ita ce awo. Yanzu akwai na'ura mai batir da ake ɗaura wa a dantse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya aiki da ita. Mutum ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha taba ko shayi rabin sa'a kafin nan, kada kuma ya yi magana ana awo. A auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, har kwana 7, a rubuta. In awon gida yana kai 135 bisa 85 ko ya wuce, ko na asibiti ya kai 140 bisa 90, sai a ɗauki takardar a tafi wurin ma'aikacin lafiya. In ya kai 180 bisa 120, balle da ciwon ƙirji ko nauyin harshe, ba a jiran ranar kasuwa, a tafi asibiti a take.

Ku masu ƙetarawa Malanbil da Segbana, ku lura: malaman asibitin Benin, bisa al'adar Faransa, sukan ce 14 bisa 9. Shi ne dai 140 bisa 90 namu. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku.

Mun san za a ce talaka ina ya ga kuɗin na'ura. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka iya yin adashi don biki sun iya yin adashi don rai. 'Yan albasa su sayi guda, mahauta guda, matan da ke sayar da kifi guda, a ajiye wurin Sarkin Kasuwa ko shugaban layi, a sa yaro mai ilmi ya riƙe littafi.

Sa'an nan mu duba tukunyarmu. Gishirin da ya kamata baligi ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi. Amma mu sai mu zuba gishiri, mu marmasa dunƙule uku, mu ƙara kanwa, duk a miya ɗaya, alhali dukkansu jirgi ɗaya ya kwaso su. A rage su, a ƙara daddawa da albasa da citta da ganye. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ake ɗura wa kunun kanwa. Mai ciki kuwa awo wajibi ne gare ta, domin hawan jini shi ke kawo jijjiga. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla a faranti, irin su diclofenac, suna tayar da jini. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, kuma ya duba lambar NAFDAC kafin ya biya.

Wannan namu ke nan. Saura na mahukunta. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu don lafiya. A 2014 aka sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ware kuɗi musamman don ƙananan asibitoci. Ba sadaka muke roƙo ba, haƙƙinmu ne. Mai karɓar kuɗin rumfa bai taɓa ɓata hanyar kasuwa ba ko da damina, don me mai awon jini ba zai san hanyar ba? Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Bagudo da Gwamnatin Jihar Kebbi da abu uku: kowace ɗakin shan magani ta sami na'ura mai aiki, a riƙa awo kyauta kowace ranar kasuwa, a kuma sa maganin hawan jini a farashin da manomi zai iya saya wata bayan wata. Babba in jininsa ya hau sai ya hau jirgi. Talaka kuwa Birnin Kebbi ma tafiya ce.

Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi waɗannan uku a gaban jama'a. Kafin ya amsa, ku dai ku auna. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma sa mu gane.