Sharhi: Kafin a dasa injinan iska a tsaunukan Kudancin Kaduna, a waiwayi Lambar Rimi

Samarun Kataf (Jihar Kaduna) – Tun da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Wutar Lantarki a watan Yunin 2023, wadda ta bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, kowace jiha ta shiga lissafin inda wutarta za ta fito da abin da za ta ci.

Lissafin ya ƙara nauyi a watan Oktoban 2024, lokacin da akasarin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan ɓata-gari sun lalata babban layin Shiroro zuwa Mando, shi kuma na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ruwan sanyi sun ji a jikinsu, asibitoci kuma suka koma kan janareta dare da rana.

A Kudancin Kaduna, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce iska. Daga Samarun Kataf zuwa Kagoro da Kafanchan, ƙasar tana jingine da gefen tudun Jos, kuma wanda ya taɓa kwana a yankin da hunturu ya san yadda iska ke kaɗa rufin kwano. Taswirar iska da kamfanin Lahmeyer na Jamus ya shirya wa Gwamnatin Tarayya a 2005, da binciken jami'o'i da ya biyo baya, sun sanya tudun Jos da can ƙuryar Arewa, wato Sakkwato da Katsina da Kano, a sahun gaba a faɗin ƙasar.

Sai dai Najeriya ta riga ta gwada wannan hanya sau ɗaya da kuɗi masu yawa, kuma abin da ya biyo baya shi ne tushen shakkun da ake yi a yau.

A 2005 ne gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, yana Gwamnan Katsina, ta ƙudiri aniyar kafa tashar lantarki mai aiki da ƙarfin iska a Lambar Rimi, cikin Ƙaramar Hukumar Rimi. Bayan ya zama Shugaban Ƙasa a 2007, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, aka bai wa kamfanin Vergnet na Faransa kwangilarsa kan kimanin Yuro miliyan 18.5 da ƙarin Naira miliyan 494, da alƙawarin kammalawa cikin watanni 24. Tsarin shi ne injina 37, kowane mai ƙarfin kilowat 275, bisa turaku masu tsayin mita 55, jimilla megawat 10.

Ranar 19 ga Disamban 2012 'yan bindiga suka kai hari masaukin injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, suka yi awon gaba da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhakin harin. Collomp ya kuɓuta da ƙafarsa a Zariya cikin watan Nuwamban 2013, amma aikin bai sake komawa kan saitinsa ba. Kayan da aka shigo da su suka yi shekaru rana na dukansu, ruwa na dukansu, wasu aka sace. Ministocin lantarki sun sha sanya ranar buɗewa tana wucewa. A 2021 Minista Sale Mamman ya sanar cewa aikin ya kai matakin ƙaddamarwa, amma bayan haka gwamnatin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ta tarar da tashar tana buƙatar farfaɗowa, har ta shiga neman masu zuba jari, tare da shirin haɗa ta da ta hasken rana.

Idan za a yi adalci, babu abu guda cikin wannan jerin da za a ɗora wa iska. Rashin tsaro ne, da jan ƙafa wajen sakin kuɗi, da sauyin 'yan kwangila, da rashin mai kula. Irin wannan cuta ta kama tashar Kudenda mai megawat 215 a cikin garin Kaduna, wadda ba ruwanta da iska. Wanda ya ce Lambar Rimi ta tabbatar da cewa wutar iska ba ta aiki, ya yanke hukunci kan shari'ar da ba a saurara ba.

Amma masu shakka suna da wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ita ce ba a cika kawowa ba.

Wutar da injin iska ke bayarwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iskar. Idan gudun ya ragu da rabi, ƙarfin da ke cikin iskar yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. An tsara Lambar Rimi ne bisa iska mai matsakaicin gudun mita 6 a daƙiƙa guda. Idan aka samu mita 5 a maimakon haka, an yi asarar fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin; idan mita 4 ne, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Bambancin da fatar mutum ba za ta ji ba, shi ne ke raba riba da faɗuwa a littafin mai jari.

Haka nan megawat 10 da ke rubuce a takarda ƙarfin tashar ne a lokacin da iska ke kaɗawa yadda ake so. Idan aka ƙaddara cewa tana ba da rubu'in hakan a tsawon shekara, wanda ba mummunan sakamako ba ne a wuri mai matsakaiciyar iska, to megawat biyu da rabi ake magana. Kuma ba a lokacin da mai niƙa ya buɗe shagonsa take zuwa ba, sai lokacin da ta ga dama. Jamus, duk da dubban injinan da ta dasa, ta ga farashin wuta ya yi tsalle a ƙarshen 2024 sa'ad da aka yi kwanaki babu iska babu rana. Ita tana da maƙwabtan da za ta sayi wuta daga gare su da tashoshin gas na ko-ta-kwana. Garin da babban layin ƙasa ke yanke masa wuta ba sanarwa, batir ko janareta zai tanada, kuma kuɗin wannan tanadi ba ya fitowa a allon da ake kafawa ranar aza harsashi.

Batun araha ma yana da fuska biyu. Hukumar kula da makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa sababbin tashoshin iska na kan tudu da aka buɗe a 2023 suna samar da kilowat guda na awa ɗaya kan kimanin santi 3.3 na Dalar Amurka, ƙasa da na hasken rana. Gaskiya ne, amma matsakaicin lissafi ne na duniya, wanda China da manyan injinanta suka rinjaya. Tashar iska ba ta shan mai, kusan duk kuɗinta a rana ta farko ake kashe shi, don haka kuɗin ruwan bashi ne ke yanke farashin wutarta. A ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, lissafin ya sha bamban. Ga kuma kayan gyara da ake saye da Yuro ko Dala: Dalar da take kusan Naira 150 lokacin da ake aikin dasa injinan Rimi, ta haura Naira 1,500 a 2024. Ƙurar hunturu kuwa, wadda ke zuwa tare da iskar da ake nema, ba ta raga wa ƙarfe mai juyawa.

Duk da haka, akwai inda abin ya yi kyau a Afirka. A Senegal, tashar Taiba N'Diaye mai injina 46 da megawat 158.7 an ƙaddamar da ita a 2020, da kuɗin 'yan kasuwa da yarjejeniyar sayar da wuta ga kamfanin Senelec. A Kenya, tashar Tafkin Turkana mai injina 365 da megawat 310 tana cikin waɗanda suka fi yawan aiki a duniya, domin iskar wurin ba ta cika hutawa ba. Amma ko a can an yi tuntuɓe: injinan sun kammala a 2017, layin kwashe wutar mai tsawon fiye da kilomita 400 bai iso ba sai 2018, gwamnati ta biya diyyar wutar da ba wanda ya sha. A Jamhuriyar Nijar kuma, kamfanin Savannah Energy ya ƙulla yarjejeniya a 2022 kan tashar Tarka a Jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250. Abin lura a Senegal da Kenya shi ne an daɗe ana auna iskar wurin kafin a sayi ko ƙusa, kuma mai jari ya san kuɗinsa zai dawo ne kawai idan fukafukai sun juya.

Wannan ne gibin da ke gaban Kudancin Kaduna. Taswirar ƙasa baki ɗaya ba ta isa a gina tasha a kanta ba, musamman a ƙasa mai tudu da kwari, inda iskar ƙolin tsaunin Kagoro za ta iya ninka ta filin da ke ƙasansa. Bankunan da ke ba da bashin irin wannan aiki sukan nemi a kafa turken awo mai tsayi daidai da na injin, a ɗauki bayanai na aƙalla watanni 12 ba yankewa. Kuɗin hakan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin injin guda. Yankin kuma yana da makarantun da za su iya riƙe aikin: reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Samarun Kataf, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan.

Sannan dole a gwada iskar da abin da yankin ya riga ya mallaka, wato ruwa. Kudancin Kaduna na cikin sassan Arewa da suka fi samun ruwan sama. Madatsar Gurara tana da tashar megawat 30 wadda ta daɗe a tsaye saboda rashin layin kwashe wutarta. A maƙwabta, kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin ma'adinan kuza, ya shafe kusan shekaru 100 yana ba da wuta daga gangaren ruwan Kurra a Jihar Filato. Gangaren Matsirga kuwa yana bakin Kafanchan. Raunin ƙananan koguna shi ne suna ja da baya da rani, kuma a nan ne iska za ta iya samun gurbinta, tunda hunturu na zuwa ne daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa, lokacin da manoman citta na Kachiya da Jaba da Jama'a ke haƙa da yanka da shanya. Ko gurbin ya kai a kashe masa Yuro, ko farantan hasken rana za su cike shi da rahusa, turken awo ne zai faɗa.

Akwai kuma awon da Najeriya ta riga ta biya kuɗinsa. Kowane injin iska na zamani yana ajiye bayanin gudun iskar da ta kaɗa shi, da wutar da ya bayar, da sa'o'in da ya tsaya. Ma'aikatar Lantarki ta Tarayya da Gwamnatin Jihar Katsina za su taimaki Kaduna da Filato da Sakkwato matuƙa idan suka fitar da na Lambar Rimi fili, wata-wata, tun daga ranar da injin farko ya juya, tare da jimillar abin da aka kashe daga 2005 zuwa yau.