Kafin ka sayi tukunyar shuka, san inda rana ke faɗawa a gidanka

Tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida a 2003, ma'aikatan tarayya da dama suka koma zaman haya a Kubwa, Lugbe, Nyanya da Mararaba. Yawancin gidajen nan an shafe farfajiyarsu da siminti. Abin da ya rage wa mai sha'awar shuka shi ne baranda da bakin taga. A ganina, wannan ɗan fili ya isa ya wadata gida da ɗaɗɗoya, na'a-na'a da lawashin albasa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya kai iyali ƙarshen wata. Sharaɗin guda ne: a ajiye kowace shuka inda hasken da take buƙata yake.

A nan ne ma'aikaci ke yin asara. Yana fita da asuba don gudun cunkoson hanyar Nyanya, ba ya dawowa sai bayan magariba, saboda haka bai taɓa ganin yadda rana ke ratsa gidansa ba. Sai ya ajiye tukunya inda ta fi ƙayatarwa, ta bushe ko ta yi tsawo ba ganye, ya ce hannunsa ba ya karɓar shuka.

Ɗaɗɗoya da attaruhu suna son rana ta kamar awa 6 a yini. Na'a-na'a ta fi son ranar safe da inuwar yamma, kuma a ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin saiwarta na mamaye maƙwabta. Citta, wadda manoman Kachia suka shahara da ita, tana jure inuwa, don haka ita ce ta dace da lungun da rana ba ta daɗewa.

Barandar da ke fuskantar gabas ita ce mafi alheri. Ta yamma kuwa tana shan zafin la'asar, wanda a watan Maris kan ƙone ganye mai laushi. Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba: Abuja tana kusan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana na karkata arewa, daga Satumba zuwa Maris kuma ta koma kudu. Barandar kudu da ke cike da haske lokacin hunturu za ta iya zama inuwa da damina. Tukunya ba gona ba ce, ana ɗaga ta a bi rana.

A nisanta shuka daga iskar zafi da injin na'urar sanyaya ɗaki ke fesowa, da hayaƙin janareto. A huda gindin tukunya, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta ya zama gidan sauro.

Ba wanda zai ce tukwane 4 za su magance tsadar rayuwa. Amma ganyen da ka shayar da ruwan da ka sani ya fi wanda ba ka san da me aka yi masa ban ruwa ba. Ka ware Asabar ɗaya, ka duba barandarka da ƙarfe 8, da 12, da 4 na yamma. Bayan nan sai ka nemi iri.