Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sauya Man Giyar Mota a Gida

A wannan fitowa za mu leƙa ƙarƙashin mota ne, mu yi magana a kan wani mai da akasarin magidanta suka manta da shi, wato man akwatin giya, wanda makanikan Nijeriya ke kira giyabos, mu kuma a nan Togo muka fi saninsa da buwat. Zancenmu ya shafi mota mai kuloci ce kaɗai, wadda ake sa wa giya da hannu. Mai sauya giya da kanta, wato otomatik, sha'aninta daban ne, kada a taɓa ta da wannan bayani.

Kowane mai mota ya san baƙin man inji, ya kuma san lokacin juye shi. Amma man giya ba ya ƙonewa, kuma a yawancin motoci ba shi da sandar awo, saboda haka sai ya shekara goma ba wanda ya waiwaye shi. Galibin motocinmu kuwa sun daɗe suna aiki a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Lomé, ga shi kuma muna ɗora musu iyali da buhunan doya da na masara, mu bi babbar hanya ta 1 da su, mu haye duwatsun Alédjo da na Défalé a giya ta biyu. Duk wannan nauyi a kan haƙoran ƙarfen da ke cikin akwatin yake sauka, kuma abin da ya raba haƙori da haƙori bai wuce ɗan mai kimanin lita 2 ba.

Bari mu fara da abin da ya same mu, don kada ya sami wani. Wata shekara aka sa ɗaurin auren ƙanwarmu a Dapaong, tafiyar sama da kilomita 300 daga nan Adjengré. Ana gobe tashi, bayan la'asar, muka ce bari mu sauya wa tsohuwar Corollarmu man giya, tunda ta fara gardama wajen shiga giya ta biyu. Muka kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye tas. Da muka koma kan notin gefe, inda ake zuba sabo, sai ya ce sam bai san zancen ba. Muka matsa masa da sifanar da ba daidai da shi ba har kansa ya suɗe. Ga sabon mai a hannu, ga akwati wayam, ga kayan biki an ɗaure. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya dai ko?" Muka rasa bakin amsawa. Washegari iyali suka bi motar haya, mu kuwa muka zauna jiran wani dattijon makanike daga Sokodé. Da ya gama fama ya cire notin, sai ya goge hannu ya ce, "Malam, ai ba ka zubar da na ciki sai ka tabbata ƙofar zuba sabo tana buɗuwa." Mun isa Dapaong an riga an shafa fatiha.

Wannan magana ta dattijo ita ce kan aikin duka: a fara kwance notin zubawa kafin a taɓa na tsiyayarwa. In na gefe ya ƙi, mota tana nan da manta, ana iya tuƙa ta zuwa gareji. In kuwa an riga an zubar, ta zama gunki a tsakar gida, domin tuƙa ta ba mai na iya ƙone akwatin cikin tafiya kaɗan.

Yaushe ya kamata a sauya? Kamfanoni sun sha bamban, amma da yawa suna ambaton tsakanin kilomita 50,000 da 100,000, wasu ma suna cewa man ba ya bukatar sauyi. Mai tafiya da lodi cikin zafi da ƙura, gara ya riƙi ƙaramin adadin. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san tarihinta ba, ya sauya tun da wuri. Haka nan wanda ya ratsa ruwa mai zurfi da damina, domin ruwa kan shiga ta 'yar kafar da akwatin ke shaƙar iska.

Sai batun irin man da za a saya, inda nan ma ake yawan tafka asara. A jikin galan za a ga lamba iri biyu. Ta farko ta kaurin mai ce, kamar 75W-80 ko 75W-90 ko 80W-90. Ta biyu ita ce GL-4 ko GL-5. Mutane kan ɗauka cewa 5 ta fi 4 kyau, alhali kowanne da aikinsa. An yi GL-5 ne musamman don haƙoran akwatin da ke rarraba ƙarfi zuwa tayoyin baya, kuma sinadarinsa na farar wuta ya fi yawa. A cikin akwatin giya kuwa akwai wasu zobba na tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma a wasu motoci GL-5 kan sa su santsi ko ya ci su sannu a hankali. Littafin mota shi ne alƙali. In babu shi, a tambayi makaniken da ya san irin motar, domin mai tambaya ba ya ɓata. A sayi galan mai hatimi a gidan mai ko kantin da aka amince da shi, a guji na awo a kwalba a bakin hanya. Araha ba ta ado.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana daidai da kan noti, wadda a Toyota da yawa lamba 24 ce, tsohon kwano mai faɗi, mazurari da tiyo mai tsawon hannu, sababbin wasa guda biyu, wato 'yan zobban da ke hana noti yoyo, da tsumma.

Kafin komai, a kiyaye rai. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, domin jak kan zame ko ya sauka ba sallama. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, ko a nemi ramin gareji. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan farfashe farat ɗaya. A ja birkin hannu, a sa duwatsu a bayan tayoyi, a kore yara, a kuma sami babba guda ya tsaya kusa. Wajibi ne mota ta kasance a daidaice, in ba haka ba awon mai zai yi ƙarya.

Da farko a ɗan zagaya da motar na minti 10 don mai ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan a kashe inji. A goge kewayen notunan biyu. A tabbata notin gefen shi ne na zubawa, domin kusa da shi akwai makunnin fitilar ribas mai waya a jiki, akwai kuma wasu notuna masu riƙe da kayan ciki waɗanda kwance su babbar ɓarna ce. Wasu motocin ma ba su da notin gefe, ta sama ake zuba musu adadin da littafi ya ƙayyade. Idan na zubawa ya buɗe, sai a tara kwano a kwance na ƙasa, a bar mai ya tsiyaye har ya koma ɗigo.

A nan a tsaya a karanta abin da tsohon mai yake faɗa. Warinsa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ba laifi ba ne, na farar wuta ne. A motoci da yawa notin ƙasa yana da maganaɗisu. In an ga laushin toka-toka a kansa, wannan cin yau da gobe ne, a goge kawai. In an ga gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ji, ko ƙyalli ruwan zinariya mai yawa, to haƙora ko zobban tagulla sun fara lalacewa. In man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In abin da ya fito bai kai rabin adadi ba, akwai inda yake yoyo.

Daga nan a mayar da notin ƙasa da sabuwar wasa, a ɗaure da ƙarfin hannu madaidaici, kada a taka sifana da ƙafa, domin jikin akwatin sanholo ne, zarensa na saurin lalacewa. A zura tiyo a ramin gefe, a riƙa zubawa a hankali, don man yana da kauri, ba ya son gaggawa. Da zarar ya fara dawowa ta bakin ramin, ya cika. A jira ɗigon ya tsagaita, a ɗaure noti, a goge, a ɗan zagaya, washegari a duba ƙasa ko akwai tabon mai.

Iyayenmu mata, ga naku rabon aikin. Kada a bari a zuba tsohon mai a kwata ko kusa da rijiya, kada a shafa shi a gyambo ko jikin dabba, kada kuma a ajiye shi a kwalbar lemo inda yaro zai iya kurɓa. A mayar da shi cikin galan da aka juye, a rufe, a kai gareji ko gidan mai da ke karɓa.

Sabon mai yakan sa giya ta yi laushi, amma ba ya mayar da haƙorin da ya karye. In giya tana fita da kanta, ko tana kuka, ko kuloci ba ya sakinta, a nufi makanike, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda kuma yake da tafiya a gaba, ya yi wannan aiki da saura mako guda. Mu dai mun koyi namu darasin a tsakar gida, muna kallon motar haya tana tafiya da iyalinmu.

Allah Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu. Wassalam.