Tayar a-kori-kurar gwamnati: jin daɗin zama bai kai ran direba ba

Wanda ya tsaya a bakin titi a Tungan Maje, tsakanin Zuba da mahadar Giri, ba zai daɗe ba sai ya ga farar Hilux ta wuce tana jan wani abu a baya. Wata janareta take ja, wata tankin ruwa, wata kuma 'yar uwarta ce da ta mace a hanya aka ɗaura mata igiya. Wannan titi shi ne ke kai matafiya Gwagwalada da Abaji da Lakwaja, kuma ta nan ma'aikatan tarayya da hadiman manya ke bi idan aikin duba kwangila ko rakiyar ayari ya fitar da su daga birni. Duk nauyin motar da na abin da take ja yana kan tayoyi huɗu, kowacce kuwa abin da take taɓawa na kwalta bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba. A ganinmu, yadda ma'aikatu ke sayen waɗannan tayoyi da yadda ake hura musu iska ya cancanci a duba shi da idon basira, domin rayukan ma'aikata ne a kai.

Matsalar tana farawa ne daga wani ƙorafi da kowane direban gwamnati ya sani. A-kori-kura mota ce da aka ƙera don kaya. Sifirin ɗinta na baya faranti-faranti ne masu tauri, waɗanda ba sa yin laushi sai an ɗora musu nauyi. Idan babu kaya a bodi, wanda ke kujerar baya zai ji kowane rami da kowane tudun rage gudu a ƙugunsa. Sai oga ya ce motar nan tana jijjiga shi. Direba ba ya son ɓacin ran maigidansa, saboda haka ya tsaya wurin mai faci ya ce a rage iska. Motar kuwa takan yi laushi nan take, kowa ya ji daɗi. Bayan kwana biyu a ɗaura wa wannan motar tirelar janareta, babu wanda ya tuna a mayar da iskar da aka cire.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga masu ƙera taya. Iskar da ke ciki ce ke ɗauke da nauyi, robar kuwa riƙe iskar take yi. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa kuma tana haifar da zafi a cikin robar. Zafin yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta, har wata rana bayan tayar ya ɓare ko ta fashe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da kwaltar Gwagwalada ke ƙona tafin ƙafa, wannan aiki yana sauri. Jan kaya yana ƙara tsananta lamarin, domin wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela yana sauka ne a kan maƙalin da ke bayan mota. Tirela mai kilo 2,000 tana danna wajen kilo 200 a can bayan tayoyin baya, inda nauyin ke ɗaga gaban mota kaɗan ya rage wa sitiyari riƙo. Tayar baya mai taushi a irin wannan hali ita ce ke sa tirela ta fara rangaji hagu da dama, direba kuma ya rasa yadda zai yi da ita.

Wannan ciniki na sayar da aminci don samun laushin tafiya ya taɓa jawo babbar asara a Amurka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan haɗurra masu yawa da suka rutsa da motar Ford Explorer. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da yawan iska: Ford ya ba da shawarar psi 26, Firestone kuma ya ce 30 ya fi dacewa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a wannan shekara, wadda daga bisani ta wajabta sanya na'urar da ke gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu. Mu ma a nan gida muna da abin tunawa. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Motarsa ba ta jan komai. Idan fashewar taya ta iya kifar da motar minista, ina ga a-kori-kura mai ɗauke da ma'aikata biyar da tirela a baya?

Kuskure na biyu ana yin sa ne a ofis, tun kafin mota ta hau titi. Takardar neman saye yawanci girman taya kawai take ambata, misali 265/65 R17, sai ɗan kwangila ya kawo mafi arha da ta yi daidai da wannan girma. Amma bayan girman akwai wata lamba da ke nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Lamba 112 tana nufin kilo 1,120, lamba 121 kuma kilo 1,450. Tayoyi biyu na iya zama girma ɗaya, a ido ba a bambanta su, amma tsakaninsu akwai kilo 330 a kowace ƙafa. Waɗanda ke ɗauke da haruffan LT an yi su ne da gefe mai kauri don ƙananan motocin kaya, suna jure iska mai yawa da nauyi mai yawa, sai dai sun fi tauri a zama kuma sun fi tsada. Jami'in da ya zaɓi mai laushi mai arha ga motar da aikinta jan kaya ne, ya faranta wa oga da akanta rai, ya bar direba da haɗari. Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Akwai kuma batun shekaru. A jikin kowace taya, a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana faɗakar da jama'a cewa kada a yi amfani da tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, Nijeriya ta dogara ga shigowa da taya daga waje, kuma kaya kan daɗe a jirgi da rumbun ajiya kafin ya iso hannun mai saye. Tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya shiga kasuwar kayan mota ya san ana samun su. Mafi muni a kan manta da tayoyin tirelar kanta. Tirelar janareta kan yi wata shida a harabar ofis cikin rana, zanen tayarta na nan kamar sabo, gefenta kuwa ya tsattsage.

Ba mu ce ƙorafin oga ba shi da tushe ba. Wanda ya yi awa uku a bayan a-kori-kura daga Abuja zuwa Lakwaja ya san ciwon baya ba ƙarya ba ne. Akwai ma direbobi da masu faci da ke wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su hura har iyakar lambar da ke jikin taya, alhali wannan lamba iyaka ce ta ƙarshe, ba ita ce ake so a yi tafiya da ita kullum ba. Iskar da ta yi yawa a motar da ba kaya tana sa ta tsalle, tana cinye tsakiyar taya, tana rage riƙon birki. Maganin yana rubuce a jikin takardar da masu ƙera mota ke liƙawa a bakin ƙofar direba da kuma littafin motar, inda aka nuna iskar da ta dace, sau da yawa har da bambancin mota fanko da mota mai kaya. A bi wannan: a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, a ƙara idan za a ja kaya, a mayar idan an sauke. Kada a rage wa taya mai zafi iska a tsakiyar tafiya, domin ƙarin da geji ya nuna a lokacin na zafi ne, zai sauka da kansa. Wanda kuma yake son zaman alfarma, ya hau motar da aka ƙera don haka.

Don haka muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, wato BPP, da su sa a riƙa rubuta lambar nauyi da ranar ƙerawa a kowace takardar sayen taya, kuma jami'in sito ya duba su da idonsa kafin ya sa hannu. Kowace motar aiki ta samu gejinta a ciki, tare da shafi a littafin zirga-zirga inda direba zai rubuta iskar kowace taya, har da sifiya da na tirela, kafin doguwar tafiya. FRSC, wadda aka kafa tun 1988 don irin wannan aiki, ta riƙa duba motoci masu lambar gwamnati kamar yadda take duba na haya, ta kuma tuna wa direbobi cewa ƙa'idar hanya ta taƙaita gudun motar janwe da ke jan wata a kilomita 45 cikin awa. Hukumar SON ta tsananta bincike a rumbunan masu shigo da taya.

Nauyi mafi kusa yana wuyan hadimai da jami'an sufuri, domin su ne ke tsakanin oga da direba. Direba ƙaramin ma'aikaci ne, ba kasafai yake iya cewa a'a ba. Idan ya ce taya ba za ta kai ba, a saurare shi, kada a ɗauke shi mai taurin kai. Tsayawar minti goma wurin mai faci a Zuba ko Tungan Maje ba za ta ɓata wani taro ba, kuma kuɗin tayoyi huɗu masu inganci bai kai na gyaran motar da ta kife ba, balle abin da iyalan waɗanda ke cikinta za su rasa.