Sharhi: Ribar Man Gyaran Fuska Tana Ga Gwaji Da Rajista

Duk wanda ya zaga kasuwar Ogbete ta Inugu, ko Babbar Kasuwar Anaca, ko kuwa kasuwar Mil Wan ta Fatakwal, zai tarar cewa man kaɗanya da zuma da man riɗi da lalle da kurkum da ake sayarwa, galibi daga Arewa suke fitowa, kuma da yawa a hannun 'yan kasuwar Hausawa mazauna waɗannan birane suke. Abin da ya canza shi ne masu sayen. Daga cikinsu yanzu akwai masu haɗa man gyaran fuska a gida, musamman irin ruwan nan da ake ɗigawa a fuska, wanda ake kira siram. Su sayi kaya da gwangwani, su ɗura a 'yan kwalabe, su liƙa tambari, su sayar da ninkin-ba-ninkin abin da suka biya.

Ganin haka ya sa wasu 'yan kasuwa da matan aure a unguwannin Hausawa suka shiga haɗin da kansu. Wannan tunani daidai ne a ma'aunin tattalin arziki, domin ribar kowace haja tana wajen sarrafa ta. Hujjar ke nan da Gwamnatin Tarayya ta kafa a watan Agusta na 2025, lokacin da ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa ƙetare na wata shida, tana mai cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Sai dai sarrafawar da ba gwaji a cikinta kasada ce da jarin mai ita da kuma fatar mai saye.

Dalilin farko na kimiyya ne. Haɗin da mai ne zalla yakan daɗe bai lalace ba. Amma da zarar an sa masa ruwa, ko ruwan alobera, ko na lemun tsami, to ya zama gonar ƙwayoyin cuta da fumfuna, in ba a sa sinadarin adanawa daidai gwargwado ba. Kwalbar da za ta jure bushewar hunturun Kano ba lalle ta jure laimar Fatakwal ba, inda ake shafe mafi yawan shekara ana ruwa. Sinadarin bitamin C, wanda masu saye ke rububi, yana rasa ƙarfinsa idan ya sha iska da haske, har launinsa ya koma ruwan ƙasa. Shi kuma lemun tsami, tsaminsa ya fi ƙarfin fatar fuska nesa ba kusa ba, yana iya ƙona ta idan rana ta doke ta.

Gwajin da masu haɗi suka saba yi, wato shafa kaɗan a cikin damtse a jira kwana ɗaya ko biyu, yana da amfani, amma iyakarsa ya nuna ko fatar mutum ɗaya za ta yi ƙaiƙayi. Ba ya nuna ƙwayoyin cuta, ba ya nuna yadda haɗin zai kasance bayan wata uku a rumfa, ba ya kuma tona abin da ke cikin hodar da aka saro ba suna. Nan ne babban haɗarin yake. Don biyan buƙatar masu son hasken fata cikin gaggawa, wasu na cusa haidurokwinon, ko man sitiroyid na kantin magani, ko sinadarin makuri wanda aka sani da zaiba. Na farko yana barin baƙin tabo idan an daɗe ana shafawa, na biyu yana sa fata ta yi sirara, na uku kuwa ƙoda yake lalatawa.

Dalili na biyu na doka ne. Dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ce ta kafa Hukumar NAFDAC, mai lamba 19 ta wannan shekara kuma ta haramta haɗawa ko sayarwa ko tallata kayan kwalliya ba tare da rajista ba, ko a masana'anta aka yi su ko a tsakar gida. A 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. 'Yan kasuwar Anaca sun san abin da fushinta ke jawowa. A watan Maris na 2007, zamanin Farfesa Dora Akunyili, an rufe kasuwar magunguna ta bakin gada, aka sake rufe ta a watan Fabrairu na 2025, har rufewar ta shafi maƙwabtan da ba magani suke sayarwa ba.

Ga ɗan kasuwar da ke zaune a garin da ba nasa ba, lamarin ya fi haka nauyi. Babban jarinsa shi ne yardar da masu gari suka yi cewa zumarsa da man kaɗanyarsa ba algus. Idan kwalba ɗaya ta ɓata fuskar wata, ba sunan mai haɗin za a kira ba, unguwar za a kira. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Masu cewa kuɗin gwaji da rajista sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari suna da gaskiya, idan kowa shi kaɗai zai yi. Amma kuɗin gwaji iri ɗaya ne ko kwalba 50 aka haɗa ko 5,000, saboda haka yawan kaya ne ke rage nauyinsa a kan kowace kwalba. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da goyon bayan Sarakunan Hausawa na waɗannan birane, su kafa ƙungiyoyin gama kai masu rajista, da ɗakin haɗi guda mai tsabta, su ɗauki ƙwararren mai harhaɗa magunguna, su riƙa kai samfuri gwaji. Hukumar NAFDAC tana da ɗakin gwaje-gwaje a Agulu ta Jihar Anambra, tsakanin Anaca da Inugu ba nisa. Kowace kwalba ta fito da jerin abin da ke ciki, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar aiki.

Wanda bai kai ga haka ba tukuna, ya tsaya ga tataccen man kaɗanya da na riɗi, ya inganta tsabta da marufi. Lambar rajista ita ce ke buɗe ƙofar manyan kantuna da kasuwannin ƙetare, kuma da yawa daga kayan haɗin suna hannun 'yan Arewa tun daga gona.