Kafin Wasan Kwamfuta Ya Shiga Aji, a Tambayi Mai Riƙe da Alli

'Yan uwa malamai, akwai wani sabon kaya da ake ta tallata wa makarantu a 'yan shekarun nan, wato wasannin koyo na waya da kwamfutar hannu. Yadda abin yake zuwa kusan iri ɗaya ne. A tara manya a ɗakin taro, a haska wasan a bango, a kawo wasu yara da aka zaɓo su danna, a yi tafi. Bayan 'yan makonni takarda ta iso ofishin hedimasta cewa daga zango mai zuwa za a fara aiki da shi. Malamin da zai tsaya gaban yaran shi ne na ƙarshe da zai ji labari, kuma shi ne na farko da za a tuhuma idan sakamako bai yi kyau ba. Ba na cikin masu ƙyamar waɗannan wasanni. Abin da nake gani shi ne, bai kamata wani wasa ya ci ko minti ɗaya na darasi ba sai malaman aji sun gwada shi da ma'auninsu, kuma ya dace reshenmu ya nemi wannan a matsayin haƙƙi.

Koyo ta hanyar wasa ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa zama bakin dara ya san ba a cin abokin karawa sai an ƙirga gurabe, an hango abin da zai yi, an ɗana masa tarko tun da nisa. Ba a tsayar da dara a ce wa mai yi ya amsa tambayar lissafi sannan ya ci gaba, domin tunanin shi ne wasan. Wannan shi ne ma'auni na farko da zan ɗora kowane wasan kwamfuta a kai. Da yawansu tsere ne ko harbin balo-balo, sai aka sarƙafa tambayoyi a hanya kamar shingen masu karɓar haraji. Yaro ya iso shingen, ya danna ɗaya daga cikin amsoshi huɗu, in ya faɗi ya danna na kusa da shi, ya wuce ya koma tserensa. A irin wannan wasa, wanda bai san komai ba ma zai kai ƙarshe, allon ya cika da taurari, rahoto ya tafi sama cewa ya ƙware. Hanyar gane shi mai sauƙi ce. Malami ya ɗauki wasan ya yi ta dannawa da ka, ba tare da karanta tambaya ba. Idan ya ci, to wasan ya faɗi.

Akwai masu kyau. DragonBox, wanda aka ƙirƙira a Norway, yana sa yaro ya riƙa kawar da katuna har akwati ya rage shi kaɗai a gefe guda, kuma duk abin da ya yi wa ɓangare ɗaya dole ya yi wa ɗayan. Dokar aljebra ke nan, ba a faɗa masa sunanta ba. Kahoot!, shi ma daga can, wanda ya fito a 2013, yana tayar da aji mai gyangyaɗi, amma kayan bita ne, ba ya koyar da abin da ba a riga an koyar ba. Ga shi kuma yana ƙara maki ga mai saurin amsa, alhali kowannenmu ya san ɗalibar nan mai shiru da takan daɗe tana tunani sannan ta kawo amsa daidai.

Ko wasa ya tsallake wannan, da sauran tambaya: abin da yaro ya iya a kan gilashi, zai biyo shi zuwa takarda? Ƙwarewa a wasa daban, ƙwarewa a darasi daban. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity ya biya dala miliyan 2, saboda ya yi iƙirarin cewa wasanninsa suna kaifafa ƙwaƙwalwa a makaranta da wurin aiki ba tare da isasshiyar hujja ba. Saboda haka makin da wasa ya ba kansa ba shaida ba ne. Mai kaya ba ya kushe kayansa.

Binciken da aka yi a wurare daban-daban yana da abin da zai gaya mana, in an karanta shi da natsuwa. GraphoGame wasa ne na koyon karatu da masana suka gina a Jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finland, kuma ba wanda zai ce an yi shi da ka. Amma da aka gwada nau'insa na Turanci a makarantun Ingila, rahoton 2018 ya nuna yaran da suka yi shi ba su fi waɗanda suka ci gaba da samun taimakon malamansu ba. A ƙasar Peru an raba ɗaruruwan dubban kwamfutoci ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙari a lissafi ko harshe ba. A ɗaya ɓangaren, masu bincike na Bankin Duniya sun ba iyalai a ƙauyukan Jigawa da Kano wayoyi ɗauke da wasan Feed the Monster da littattafan karatu, kuma an ga ci gaba a karatun yaran. Haka ma gasar da aka yi a ƙauyukan Tanzaniya, wadda onebillion da Kitkit School suka raba kyautarta a 2019.

A lura da inda aka yi nasarar. A gida ne, ko a ƙauyen da yaro ba shi da isasshiyar makaranta, na'ura tana hannunsa tsawon watanni, kuma lokacin da ya ba ta ba daga wani darasi aka yanko shi ba. Aji ba haka yake ba. Duk mintin da aka ba wasa an ɗebe shi ne daga karatu da murya, ko shifta, ko aikin allo. Don haka tambayar da za a yi wa ɗan kwangila ita ce: wasan ya fi abin da malami zai yi da wannan lokacin?

Mu yi lissafin da ba a yi a ɗakin taro. A ce aji mai yara 80, kwamfutocin hannu 10, darasi na minti 35. Idan bi-da-bi za a yi, kowane yaro bai kai minti biyar ba, kafin a cire lokacin rabawa da karɓa da na wadda cajinta ya ƙare. Idan kuma takwas-takwas za su zauna, mun san wanda zai riƙe na'urar: mafi ƙarfi ko mafi baki. Sauran 'yan kallo ne, kuma sau da yawa 'yan mata ne a bayan da'irar. Wasan da aka tsara don yaro ɗaya da abin sauraro a kunnensa ba zai zama na mutum takwas ba don kawai an sa hannu a takarda.

Sai batun harshe, wanda mu ne kaɗai za mu iya tantance shi. Wasan da aka ce na Hausa ne, a duba ko yana da ƙ da ɗ da ɓ da 'y, ko kuwa an mayar da ƙasa ta zama kasa. A saurari muryar da ke furta kalmomin, ko ta Bahaushe ce ko ta na'ura mai karya karin sauti. Yaron aji ɗaya da muke koya wa cewa harafin c shi ne farkon ciki da cokali, idan wasa ya ce masa c na cat ne ba tare da wani bayani ba, malami ne zai kwashe mako yana warware ruɗanin. A kuma ɗora wasan a kan manhajar karatu ta NERDC, a ga wane batu na wane mako yake yi wa hidima. In ba a samu gurbinsa ba, a bar shi ga lokacin hutun tara.

Akwai abubuwan da suka shafe mu kai tsaye a matsayin ma'aikata. Wasu wasannin suna neman sunan yaro da shekarunsa, wani lokaci har da hotonsa, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara. Idan uba ya zo da ƙorafi, malamin da ya shigar da sunan zai nema. Wa zai yi caji, kuma da wace wuta? Wa zai sayi data, wa zai biya kuɗin rajista a shekara ta biyu bayan masu tallafi sun tafi? Idan gilashi ya fashe ko na'ura ta ɓata, daga albashin wa za a cire? Malamin da ke tsoron a yanke masa albashi zai kulle kayan a kabad, kuma ban ga laifinsa ba.

Shawarata ga shugabannin reshe ita ce a kafa ƙaramin kwamiti na malaman aji, musamman masu koyar da ƙananan azuzuwa da lissafi da Hausa, wanda duk wasan da aka kawo zai bi ta hannunsa. A gwada shi rabin zango a aji ɗaya, ɗan uwansa ya ci gaba da darasi yadda aka saba. Malamai su rubuta gajeriyar jarrabawa ta takarda, a yi ta kafin farawa, a yi bayan gamawa, a sake bayan mako biyu don a ga abin da ya zauna. Mai gwajin ya riƙa rubuta mintunan da suka salwanta da yaran da na'ura ba ta taɓa kaiwa hannunsu ba. Sakamakon, mai daɗi da marar daɗi, a buga shi a wannan mujalla da sunan wasan. Kafin a karɓi kwali ko ɗaya kuma, reshe ya nemi hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta rubuta a takarda wanda alhakin caji da ajiya da gyara yake wuyansa, da kuma cewa ba za a taɓa albashin malami ba saboda na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi.