Mutanen Ingila Da Harsunan Wasu

An daɗe ana kuka da mutanen Ingila cewa idan suka fita ƙasashen waje ba sa ƙoƙarin jin harshen masu masaukinsu, sai dai su ɗaga murya da Turanci, su jira a fahimce su. Lamarin ya ƙara taɓarɓarewa tun 2004, lokacin da gwamnatinsu ta soke wajabcin koyon baƙon harshe ga ɗaliban da suka kai shekara 14.

Amma ƙasar Kano ta san wasu Turawan dabam. A zamanin mulkin mallaka, ƙarin girman Di'o yana rataye da cin jarrabawar Hausa, domin in ya fita rangadi ƙauyuka irin su Rimin Gado, hukuma ba ta son tafinta ya shiga tsakaninsa da maganar haraji da jangali. A wannan zamani ne Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa, a 1934. Ashe ba basira jikokinsu suka rasa ba, bukatar ce ta kau.

Yanzu nauyin ya koma kan ɗalibin Rimin Gado. Ko ya haɗa Hausa da Fillanci da Larabci, jami'a ba za ta ɗauke shi ba sai ya ci Turanci.